Zan tafi horon hafsoshi, bashin karatu ya tsaya mini a wuya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni saurayi ne ɗan shekara 23, haifaffen Kumasi. Kawuna ya ɗauko ni zuwa Bronx da ke birnin New York ina ɗan shekara 9, a hannunsa na tashi har na zama ɗan ƙasa. Na gama digiri a watan Mayun 2025, kuma sojan ƙasa na Amurka sun ɗauke ni. A watan Janairu zan tafi horon kurata, daga can in wuce makarantar hafsoshi, wato OCS. Damuwata bashin karatu. Gwamnatin tarayya na bina dala 27,000, wata shida da ake ɗaga wa mutum ƙafa ya ƙare a Nuwamba, sun ce in riƙa biyan kusan dala 300 duk wata. Akwai kuma dala 12,000 na banki, ruwansa kashi 11 cikin ɗari, shi kuma Kawu ne ya sa mini hannu. Sojan da ya ɗauke ni ya ce kada in damu, ina shiga komai zai tsaya da kansa. Wani abokina kuma ya ce in cike takardar ɗage biya ta sojoji. Ga mahaifiyata ina aika mata dala 200 duk wata. Kawu bai so shigata soja ba, shi ya sa na kasa tayar masa da maganar bashin. Don Allah ki ba ni shawara.

Ɗanki daga Bronx

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya sa ka shiga a sa'a, Ya fito da kai lafiya da girma a kafaɗa. Na ji daɗi da ka rubuto tun akwai sauran makonni a hannunka, domin duk abin da zan faɗa maka aikin kafin tafiya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kai kuwa inda za ka, ranar farko za su karɓe wayarka.

Bari in fara da maganar sojan da ya ɗauke ka, tunda ita ce ta fi haɗari. Babu abin da zai tsaya da kansa. Kamfanin da ke karɓar wa gwamnati bashinka zai ci gaba da jiran kuɗinsa duk wata, bankin ma haka, ko kana kwance a ɗakinka ko kana rarrafe cikin taɓo da bindiga a hannu. Ina jin abin da yake nufi shi ne dokar da ake kira SCRA, wadda aka yi a 2003 don kare sojoji daga masu binsu bashi. Ita wannan doka rage ruwan bashi take yi, zan zo kanta. Ba ta ɗauke maka biyan wata. Shi aikinsa ya kai ka ƙofar bariki, kuma mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa maka, amma ranar da wasiƙar gargaɗi za ta iso sunanka ne a kanta. Haka in ya taɓa ce maka soja za su biya maka wani ɓangare na bashin, ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta ta layi-layi. Akwai shirin biya wa sojoji bashin karatu, gaskiya ne, amma sai wanda aka rubuta masa a yarjejeniyarsa tun farko. Abin da ba ya kan takarda, ka ɗauka babu shi.

Abokinka shi ma ya kusa, bai kai ba. Takardar ɗage biya ta sojoji tana nan, sai dai an yi ta ne don wanda aka tura aiki a lokacin yaƙi, ko wani aikin soja na musamman, ko dokar ta-ɓaci ta ƙasa. A jikin takardar kanta, wurin da aka yi bayanin kalmomi, an rubuta cewa zaman horo da zaman makarantar soja ba sa cikin lissafi. Ka ga kenan horon kurata da OCS duk sun fita. Da yawa cikin samari sukan cike ta, su jefa a akwatin gidan waya, su tafi hankali kwance, amsar ƙi kuma ta zo bayan an aske musu kai. Ajiye ta a zuciyarka don gaba. Idan wata rana aka tura ka fagen daga za ta yi maka amfani, har ma akwai tanadin da ke ɗauke ruwa gaba ɗaya daga bashin tarayya, iyaka wata 60, ga sojan da ke aiki a wurin da ake biyan alawus na haɗari.

Yanzu mu auna tsawon tafiyar. Horon kurata mako 10 ne. OCS a barikin Fort Benning da ke jihar Jojiya mako 12. Kafin na farko akwai kwanakin karɓar baƙi, tsakanin biyun akan zauna jiran aji ya buɗe, wanda ya ji ciwo ko ya faɗi wata jarrabawa kuma akan mayar da shi ajin baya. Saboda haka kada ka yi shirin wata biyar, yi na takwas. A horon kurata waya sai lokacin da masu horo suka ga dama, galibi ranar Lahadi, na 'yan mintoci. Ranar Lahadi kuwa yawancin ofisoshin bashi a rufe suke, kuma ko a buɗe suke, na san mahaifiyarka za ka kira.

Na ga irin wannan a gidana. Ɗan ƙanwata ya tafi horo shekarun baya da irin tabbacin da aka ba ka. Bayan tafiyarsa iyayensa suka tashi daga gidan da suke haya, ba wanda ya tuna da sauya adireshi a wurin kamfanin bashin. Sai da ya dawo hutu maigadin tsohon gidan ya miƙo masa leda cike da ambulan. A kan teburin kicin ɗina muka zazzage su, na riƙa jera su bisa kwanan wata, shi kuma yana farkewa da wuƙar yanka albasa. Na farko-farko da lallashi aka rubuta su, na ƙarshe kuwa manyan baƙaƙe ne da jan layi. Yaron da ya yi wata da watanni ana yi masa tsawa bai karaya ba, ranar na ga hannunsa na rawa. An gyara daga baya, amma ya ci kusan shekara yana bi, kuma sai da ya zauna gaban mai bincike ya yi bayanin kowace wasiƙa.

Wannan binciken shi ne dalilin da ya sa maganar ta fi ƙarfin kuɗi. Ba a ba mutum muƙamin hafsa sai da izinin ganin sirrin gwamnati, kuma doguwar takardar SF-86 da ake cikewa tana tambaya ƙarara ko kana da bashin tarayya da ka makara biya, da ko akwai wani bashi da ka bari ya haura kwana 120. Ko an riga an ba ka izinin, yanzu ana ci gaba da duba tarihin bashin mai riƙe da shi a kai a kai. Yawan bashi bai cika tayar musu da hankali ba, da yawa a ajinku da bashin karatu za su zo. Abin da suke dubawa shi ne ko mutum mai sakaci ne da alkawari, ko mai ɓoye abu. Bashin tarayya in ya yi kwana 90 ba a biya ba ana kai sunanka ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi, abin da mutanenmu a nan ke kira kiredit. In ya kai kwana 270 an ɗauke ka wanda ya ƙi biya ɗungurungum. Wata takwas na shiru ya kai ka bakin wannan ramin. Tunda muna kan takardar, ka tabbata ka ambaci kuɗin da kake aika wa mahaifiyarka, domin akwai tambaya a kan tallafa wa wanda ba ɗan ƙasa ba. Ciyar da uwa ba laifi ba ne a wurinsu, rashin faɗa ne ke jawo zargi.

To, me za a yi da dala 27,000 na gwamnati? Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ita ce ɗagin alfarma na gama-gari, wato dakatar da biya na ɗan lokaci, wanda kowa ke iya nema in yana cikin matsi. Ana bayarwa har wata 12 a karo ɗaya, kuma samunsa ba wuya. Amma ruwa na ci gaba da taruwa a kan kowane kashi na bashin. Jimillar da ka faɗa ta nuna mini ka karɓi iyakar abin da ake ba ɗalibi kowace shekara, 5,500, sai 6,500, sai 7,500 sau biyu. Ruwan waɗannan shekaru huɗu shi ne kashi 3.73, da 4.99, da 5.50, da 6.53. In ka haɗa, wajen dala 120 ke hawa kanka duk wata. Wata takwas ya kusa dala 1,000, kuma a ƙa'ida waɗannan watanni ba sa shiga lissafin yafiyar da zan gaya maka.

Hanya ta biyu, wadda nake so ka bi, ita ce tsarin biya gwargwadon samu, wanda ake kira IBR. A nan ba sa duba yawan bashin, abin da ka samu suke dubawa, bisa takardar harajinka ta ƙarshe. Suna cire ninki ɗaya da rabi na ma'aunin talauci daga kuɗin shigarka na shekara, sannan su ɗauki kashi 10 cikin ɗari na abin da ya rage, su raba shi wata 12. A 2025 ma'aunin mutum ɗaya dala 15,650 ne, ninki ɗaya da rabinsa 23,475. Kai kuwa a 2024 ɗalibi kake. Idan abin da ka samu a shekarar bai kai wannan adadi ba, biyanka na wata zai zama sifili, kuma sifilin nan a wurinsu biya ne cikakke, kan lokaci. Sunanka zai zauna fes. A kan kason bashin da gwamnati ta riƙa ɗauke wa ruwa kana makaranta, za ta ci gaba da cike giɓin ruwan har shekara 3. Duk shekara ake sabunta lissafin, kuma a nan ma soja yana da rangwame, domin alawus na gida da na abinci ba a cire musu haraji, don haka ba sa shiga kuɗin da ake auna ka da shi.

A shafin studentaid.gov ake cike takardar, kyauta, ba ta kai rabin awa ba. Duk wanda ya kira ka ya ce ka biya shi ya shigar da kai, ko ya nemi kalmar sirrinka, ɗan damfara ne. Idan ka ji ana maganar wani tsarin biya mai suna SAVE, ka wuce, kotu ta dakatar da shi tun 2024. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta kawo wani sabon tsari mai suna RAP da aka tsayar da fara shi a Yulin 2026, amma ba shi ne abin da ke gabanka yau ba. Abin da nake jin tsoro shi ne jinkiri. Takardun neman IBR sun taru musu a 2025, mutane sun yi ta jira watanni. Don haka ka cike yau, ba mako mai zuwa ba. Bayan kwana biyu ka kira kamfanin da ke riƙe da bashinka, ka gaya musu ranar da za ka tafi, ka tambaye su a wane matsayi za su ajiye asusun kafin su gama dubawa. Ka ce su aiko maka da amsar a rubuce. Idan saura mako biyu ka tafi ba a amince ba, a lokacin ne za ka nemi ɗagin alfarman nan na 'yan watanni ya rufe giɓin. Wurinsa kenan, abin toshe ɓaraka. Kuɗin watan Disamba kuwa, in ya zo kafin a gama, ka biya shi ko da za ka rage wani abu.

Yafiyar da na ambata ita ce PSLF, wadda aka kafa a 2007. Wanda ya yi aikin gwamnati cikakken lokaci, soja na ciki, ya kuma yi biya 120 a tsarin da aka amince da shi, ana yafe masa ragowar bashin tarayya. Watannin sifili suna shiga lissafi, tun daga watan da ka fara aiki a matsayin soja. Shekara 10 kenan, ba dole a jere ba, kuma in ka bar soja ka koma aikin birni ko na jiha lissafin na ci gaba. Ka riƙa tura takardar shaidar aiki duk shekara. Sai dai ba zan ruɗe ka ba: bashinka ba shi da girman da za ka gina rayuwarka a kan wannan yafiya. Albashin hafsa na hawa da sauri, biyanka zai bi shi, kuma abin da zai rage bayan shekara 10 mai yiwuwa bai taka kara ya karya ba. Ka buɗe ƙofar don ba ta cin ko sisi, amma kada ka zauna a soja don ita kaɗai.

Na san maganar ruwa tana sosa zuciyar duk yaron da ya tashi a gidan Musulmi, ko bai faɗa ba. Hukuncinta na malamai ne, ka tambayi limaminku. Ni abin da na sani shi ne duk wanda wannan abu ya dama, hanyarsa ita ce ya rage ruwan iyakar yadda doka ta ba shi dama, ya kuma gaggauta fita. Babu tara a kan wanda ya biya bashin karatu kafin wa'adi. Ka ɗauki IBR a matsayin garkuwa ta watannin da ba ka da waya, da shekarar farko da aljihu bai cika ba. Ranar da ka samu sarari, ka biya fiye da abin da suka nema.

Yanzu ga bashin da ya fi damuna, na banki. Shi ne ƙarami, shi ne kuma mai haƙori. Ba shi da tsarin biya gwargwadon samu, ba shi da yafiya, kuma banki kan kai rahoton makara tun daga kwana 30, a kan sunanka da na Kawu baki ɗaya. A nan ne dokar SCRA za ta yi maka aiki na gaske. Ta ce duk bashin da mutum ya ci kafin ya shiga aikin soja, ruwansa ba zai wuce kashi 6 cikin ɗari ba muddin yana cikin aikin. Abin da ya haura ba ajiye shi ake yi a jira ka ba, shafe shi ake yi, kuma dole a rage biyan wata daidai da abin da aka shafe. Horo ma yana ciki, daga ranar da ka fara. A kan dala 12,000, kashi 11 ya kama dala 1,320 a shekara, kashi 6 kuma 720. Dala 600 kenan duk shekara da za su zauna a aljihunka, kuɗin mahaifiyarka na wata uku. A ɓangaren gwamnati kamfanonin suna duba rajistar sojoji da kansu su rage, kuma bashin shekararka ta ƙarshe kaɗai ya haura 6, ribar ba ta wuce dala 40 a shekara ba. Banki kuwa kai za ka nema, da wasiƙa a rubuce haɗe da kwafin takardar umarnin fara aiki. Doka ta ba ka har kwana 180 bayan ka bar soja, kuma ragin yana komawa baya zuwa ranar farko, amma me zai sa ka bar kuɗinka a hannunsu? Rubuta wasiƙar tun yanzu, ka sa hannu, ka tambayi bankin inda ake aikawa. Ranar da takardar umarni ta shigo hannunka, a tura. In kana da katin bashi ko bashin mota na kafin shigarka, su ma ka yi musu haka. Doka ta hana su ɓata maka suna don ka nemi wannan haƙƙi.

Wannan bashin ba na so a ɗage shi ko wata ɗaya. Za a riƙa biyanka albashi tun daga horon kurata, a matakin E-4 saboda digirinka, wajen dala 3,000 a wata kafin haraji, a OCS kuma a matakin saje, E-5. Ci da kwana na gwamnati ne. Idan na shekara 10 ne, biyan bankin wajen dala 165 ne a wata, bayan ragi ma ya sauka. Ka haɗa shi da asusun da albashinka zai riƙa shiga, ya riƙa fita da kansa. Abu ɗaya za ka kiyaye: albashin farko yakan makara makonni, kuma kayan da ake buƙata a OCS da kakin hafsa suna cin kuɗi. Ka bar kuɗin wata biyu na banki da na mahaifiyarka a asusun kafin ka tafi, ko da za ka ƙara aikin dare a makonnin nan. Sannan da zarar ka shiga, tallace-tallace za su yi ta zuwa, ana cewa ka haɗe basussukanka wuri ɗaya ko ka sake sabon rance mai sauƙin ruwa. Ka yi hattara. Sabon rancen da aka ci bayan shiga soja ya fita daga inuwar kashi 6, kuma bashin gwamnati in ya koma hannun banki, IBR da yafiya sun tafi ba dawowa.

Sauran magana ta Kawu ce, kuma ita ce ainihin abin da ya sa ka rubuto, ko da ka ajiye ta a ƙarshen wasiƙa. Ɗana, mutumin nan ya ɗauko ka kana shekara 9. Ranar da banki ya ce ba zai ba ka ba sai da mai tsaya maka, bai ce ka je ka nemi wani ba, ya ɗauki biro. A dokar ƙasar nan sa hannun nan ya mayar da bashin nasa kamar yadda yake naka. Idan ka makara, shi za a kira yana tsakiyar aiki, sunansa ne zai ɓaci ranar da zai nemi hayar gida ko rancen mota. Ka yi tunanin ya ji labarin daga bakin baƙo a waya, kai kana Jojiya ba a samunka. Abin da zai tsaya masa a rai ba dalolin ba ne. Zai ce yaron da na riƙa ya tafi ya bar ni da kaya bai ko yi mini sallama a kai ba. Kuma a zangon Kumasi za a ji kafin ka dawo, ka san yadda labari ke tafiya tsakaninmu.

Rashin son shigarka soja da yake yi, ina kyautata zaton tsoro ne. Wanda ya karɓi amanar ɗan 'yar'uwarsa yana kwana da tambayar abin da zai gaya mata in wani abu ya faru. Ba za ka cire masa wannan da gardama ba. Amma kana iya cire masa tsoron bashin, kuma hakan zai nuna masa irin mutumin da ya raina fiye da duk bayanin da za ka yi a kan aikin soja. Kada ka je masa hannu rabbana kana neman mafita. Ka je da takardu: ga abin da ya rage, ga ranar da kuɗin ke fita duk wata, ga asusun, ga abin da na ajiye a ciki, ga wasiƙar rage ruwa. Ka gaya masa niyyarka ita ce wannan bashin ka fara kashewa. Laftanar mai sanda ɗaya yana ɗaukar wajen dala 4,000 a wata ban da alawus, in ka riƙe rayuwar ɗalibi na ɗan lokaci ka ƙi sayen sabuwar motar da abokanka za su saya, dala 12,000 ba za su kai shekara biyu ba. Ka duba yarjejeniyar bankin ma, da yawansu suna cire sunan mai tsayawa bayan an yi wasu watanni ana biya kan lokaci ba fashi. Wannan ma dalili ne na ƙin ɗage shi. Idan kana jin nauyin fara maganar, ka fara da matarsa ko wani dattijo da yake jin kunyarsa, a yi zaman tare. Idan ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka bar shi ya gama. Yana da haƙƙin wannan.

A zaman nan ne kuma za ka roƙe shi alfarma ɗaya. Kana buƙatar wakili, wanda zai riƙa buɗe wasiƙunka ya kuma iya magana da masu bashi a madadinka. Kamfanonin ba sa tattauna asusunka da kowa sai ka cike takardar ba da izini, ita ma kafin tafiya ake yi. Takardar wakilci ta lauya ta fi ƙarfi, kuma da zarar ka shiga, ofishin lauyoyin soja na bariki yana yin ta kyauta, kamar yadda masu ba da shawara kan kuɗi na bariki da layin taimakon sojoji na Military OneSource ba sa karɓar komai. Ka taƙaita ta ga harkar basussukan nan biyu. Idan Kawu ba mai son hulɗa da kwamfuta ba ne, ka haɗa shi da wani ɗansa ko 'yarsa mai natsuwa. Ka sauya adireshinka a wurin kamfanonin biyu zuwa gidan da ka tabbata ba za a tashi ba. Ka tuna kuma cewa shiga asusu yanzu sai da lambar da ake turowa ta waya, wayarka kuwa tana kulle a akwati, don haka ka shirya wata hanyar tun kana nan. Ka rubuta komai a takarda ɗaya, sunan kamfani, lambar asusu, ranar biya, lambar da ake kira, ka sa a ambulan ka damƙa a hannunsa.

Mahaifiyarka kuma ka kira ta da kanka, ka gaya mata za a yi makonni ba ta ji muryarka ba, kuma kuɗin watan farko ko na biyu zai iya zuwa ta hannun Kawu. Ka nemi albarkarta. Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, ka ɗauki takardunka ka tafi wurin Kawu. In an ba ku waya a Jojiya, bayan ka kira gida, ka turo mini layi ɗaya in ji yadda kuka ƙare da shi. Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.